Kaskar da na kankare da farce: yadda cutar Laim ta taɓa mini jijiyoyi a Jamus

Na tashi a gidan da ake kiwon shanu a ƙasar Katsina, saboda haka ban taɓa ɗaukar kaska a matsayin abin da zai kwantar da babban mutum ba. Muna yara mukan cire su daga kunnen saniya da hantsarta, manya-manya, sun ƙoshi da jini sun yi suntum, mu jefa su cikin wuta mu ci gaba da wasanmu. Wannan sabon ne ya cuce ni lokacin da nake karatun digiri na biyu a wani gari na jihar Baden-Württemberg da ke kudancin Jamus, a gefen babban dajin nan da ake kira Schwarzwald. A ƙarshen watan Yuni muka fita aikin ɗibar samfurin ƙasa a bakin dajin, muka wuni cikin ciyawa mai tsayi, ni kuwa da gajeren safa da wando sakakke saboda zafi. Bayan kwana biyu ina wanka na ji wani ɗan abu a bayan gwiwata ta hagu, bai kai ƙwayar gero ba, baƙi, ya liƙe. Na kankare shi da farce, na ga ƙananan ƙafafu a jikinsa, na ce ashe su ma suna da kaska a nan, amma 'yar mitsitsiya. Ban rubuta ranar ba, ban ɗauki hoto ba, kuma ban gaya wa kowa ba.

Kimanin mako biyu bayan haka wurin ya canza launi. A duk takardun faɗakarwa da ake liƙawa a kantin magani da ɗakunan jiran likitoci a Jamus, hoton da ake nunawa shi ne jan zobe a kan farar fata, har sunan da suka ba alamar ma yana nufin ja mai yawo. A fatata babu wani ja. Abin da na gani shi ne wuri ya ɗan ƙara duhu, kamar tabon bugu, yana faɗaɗa a hankali har ya kusa faɗin tafin hannu, ba ya ciwo kuma ƙaiƙayinsa kaɗan ne. Na yanke wa kaina hukunci cewa makero ne, na sayi man shafawa na makero da kuɗina, na shafa na kwana goma. A tsakanin nan na yi 'yar masassara da ciwon gaɓoɓi na kwana uku, kuma kamar kowane Bahaushe zuciyata ta tafi kan zazzaɓin cizon sauro da taifot, alhali na shekara ɗaya da rabi ban taka gida ba. Masassarar ta wuce da kanta, tabon ma ya fara dusashewa, na ɗauka maganin makeron ne ya yi aiki.

A ƙarshen watan Yuli ciwon gaske ya fara. Wani zugi ne tsakanin allunan kafaɗata, yana zagayowa ta haƙarƙarin dama kamar an ɗaura mini igiya mai wuta. Da rana ina iya jurewa, amma da zarar na kwanta da dare sai ya taso, har na koma kwana a zaune a kan kujera, wani lokaci in yi ta zagaya ɗaki har kiran sallar asuba a wayata. A Jamus ba a tafiya kai tsaye asibiti da irin wannan ciwo, ana fara zuwa wurin likitan unguwa wanda suke kira Hausarzt, shi ne ke tura mutum gaba idan ya ga da buƙata. Na buga waya aka ce babu gurbi sai bayan kwana tara, amma in zo da ƙarfe takwas na safe a lokacin da suka ware wa waɗanda ba su da alƙawari. Na je da katin inshorar lafiyata, wadda nake biya fiye da Yuro 100 kowane wata a matsayin ɗalibi, aka saka shi a na'ura, ban biya komai ba, na zauna awa biyu da 'yan mintuna. Ganin likitan bai kai minti goma ba. Ya danna bayana, ya tambaye ni awa nawa nake zama gaban kwamfuta, ya ce tsoka ce ta ɗaure, ya rubuta mini ibuprofen, na biya Yuro 5 a kantin magani. Bai tambaye ni ko na shiga daji ba, ni ma ban ga dalilin kawo zancen kaska da tabon bayan gwiwa ba a kan ciwon da ke kafaɗa. Na daɗe ina jin haushinsa, amma idan zan yi adalci, rabin laifin nawa ne. Maganin bai taɓa ciwon ba ko kaɗan, kuma daga baya na fahimci cewa rashin jin maganin ciwo da tsanantarsa da dare su ne manyan alamomin da ake gane wannan nau'in ciwon jijiya da su.

Kwana goma sha ɗaya bayan wannan ziyara, na tashi alwalar asuba, na ɗebi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen dama ya jiƙa mini riga. Na sake, ya sake zubowa. Da na zo wanke fuska na ji ruwa yana shiga idona na dama duk da cewa a ganina na rufe shi. Na kunna fitila na dubi madubi, na ga bakina ya karkace zuwa hagu, ɓangaren dama ya saki kamar ba nawa ba. Mahaifina da shanyewar ɓarin jiki ya rasu, don haka abin da ya fara zuwa mini ke nan, ƙafafuna suka yi sanyi. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina, wani ɗan Maraɗi da ke karatun injiniya, ya dube ni ya ce, “Malam, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne,” ya kira 112, lambar gaggawa ta neman motar asibiti. Akwai wata lambar, 116117, ta likitocin da ke jiran aiki da dare da ƙarshen mako, amma idan fuska ta karkace farat ɗaya, ta gaggawar ake kira, domin ba mai iya rarrabe shanyewar jiki da waninsa daga cikin ɗaki.

A sashen gaggawa ba su bar ni na jira ba. Aka karɓi katin inshora, aka auna hawan jini da sukari, aka ɗebi jini, aka sa ni in ɗaga hannuwa biyu in riƙe su a sama, in maimaita jimla, in bi yatsa da ido. Sannan wata likitar jijiyoyi ta ce in ɗaga girata in tamke goshi. Ɓangaren dama na goshin bai motsa ba, sai na ga ta ɗan saki jiki, abin da ya ba ni mamaki don a tunanina ƙarin lalacewa ne. Ta yi mini bayani cewa idan matsalar daga ƙwaƙwalwa take, kamar a shanyewar ɓarin jiki, yawanci goshi yana ci gaba da motsi, ƙasan fuska ne ke saki, amma idan ita kanta jijiyar fuska ce ta kumbura a kan hanyarta, to har goshi da fatar ido sukan tsaya. Duk da haka aka ɗauki hoton kaina, aka ce babu jini babu toshewa. A nan ne ta tambaye ni ko ina da wani ciwo, na ba ta labarin daren da nake kwana a zaune. Ta ajiye biro ta ce, “Ka shiga daji a bana? Kaska ta cije ka?” Na ce eh, amma ƙarama ce ƙwarai. Ta ce ai ƙananan ne suka fi yaɗa cutar, domin ba a ganinsu da wuri, sukan daɗe a liƙe, kuma ƙwayar cutar tana buƙatar awanni masu yawa kafin ta ratsa daga cikin kaskar zuwa jikin mutum. Ta haska bayan gwiwata da tocila, ta ga ɗan sauran inuwar tabon, ta kira wani ƙaramin likita ta nuna masa don ya san yadda abin yake a baƙar fata.

Sunan da ta ambata shi ne Borreliose, wadda a Amurka da sauran wurare ake kira cutar Laim, daga sunan wani gari a jihar Konetikat inda aka lura da tarin yara masu kumburin gaɓoɓi a 1975. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta mai siffar murɗaɗɗen zare ce, an sa mata suna Borrelia burgdorferi don girmama Willy Burgdorfer wanda ya gano ta a cikin kaska a farkon shekarun 1980. A Turai akwai 'yar'uwarta, Borrelia garinii, wadda aka fi dangantawa da kama jijiyoyi. Haɗuwar zugin dare da kumburin saiwar jijiyoyin laka da karkacewar fuska kuwa, likitocin Turai sun san ta tun kafin a san ƙwayar, har suna kiranta da sunan Alfred Bannwarth, likitan birnin Munik da ya bayyana ta a farkon shekarun 1940. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa da ta jini da ta agara da wadda ke kai saƙo, shi ya sa da na gaya wa 'yan gida ciwon jijiya ne kowa ya fahimci nasa daban. Wadda nake nufi ita ce mai ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka da fata.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, wato ɗibar ruwan baya. A gida mun san shi ne a lokacin annobar sanƙarau, kuma na girma ina jin ana cewa duk wanda aka tsira wa allura a gadon baya ba ya ƙara miƙewa daidai. Na tambaya ko gwajin jini bai isa ba. Likitar ta ce jini yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, kuma mutane da yawa a yankin suna da wannan shaidar a jininsu ba tare da wani ciwo ba, don haka ba za a tabbatar cewa cutar ta shiga jijiyoyi ba sai an ga kumburi a ruwan laka, an kuma kwatanta yawan sinadaran garkuwa da ke cikinsa da na jini. Aka kawo takardar amincewa shafi huɗu da Jamusanci, na nemi ta Turanci, aka ɗauki kusan awa guda kafin a samo. A wannan tazarar na kira mahaifiyata ta bidiyo, abin da na yi da-na-sani a kansa, domin tana ganin fuskata ta fara salati. Ta ce, “Wannan iska ce ta buge ka, kada ka bari su taɓa maka baya.” Na ce, “Hajiya, ki yi mini addu'a, amma zan bari su duba.” Yayana ya karɓi wayar ya ce in yi abin da likitoci suka ce, shi zai lallashe ta. Aikin kansa bai wuce minti goma sha biyar ba. Na zauna a bakin gado na rungume matashi na lanƙwasa baya, aka goge wurin, aka shigar da siririyar allura can ƙasa inda ita lakar ba ta kai ba, na ji wani ɗan tsam ya sauka ƙafata sau ɗaya, shi ke nan. Ruwan fari ne tas kamar na famfo. Abin da ya biyo baya shi ne ciwon kai na kwana biyu wanda ke tasowa idan na zauna ya lafa idan na kwanta, suka ce in yawaita shan ruwa da kofi.

Kafin magariba sakamakon farko ya fito. A ruwan lakar mai lafiya fararen ƙwayoyin jini ba sa kai biyar a kowace mikrolita, nawa kuwa sun haura ɗari. Ba su jira sauran gwaje-gwajen ba, a daren nan aka fara ɗaura mini ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, giram 2 ta ƙarin ruwa, sau ɗaya a rana, aka ba ni gado a sashen jijiyoyi. Ba su ba ni maganin kotizon da ake bai wa mai karkacewar fuska wadda ba a san dalilinta ba, don sun ce tawa tana da dalili kuma shi za a yaƙa. Abin da suka fi matsa mini a kai shi ne ido. Tun da fatar idon ba ta rufuwa, ƙwayar idon na iya bushewa ta yi gyambo, saboda haka ana ɗiga mini ruwan hawaye na roba kusan kowace awa, da dare a sa man ido a rufe da wata 'yar murfin roba mai kama da gilashin agogo. A dare na uku na yi barci a kwance har gari ya waye, karo na farko cikin mako uku. A rana ta huɗu gwajin garkuwa ya dawo ya tabbatar da cutar a jini da ruwan laka duka. An ɗauki hoton maganaɗisu, wato MRI, na kai da baya, wanda na jira wuni guda cur kafin layi ya zo kaina. Game da abinci, na zaɓi na marasa cin nama tun ranar farko, hakan ya raba ni da tambayar abin da ke cikin kowane kwano.

An sallame ni a rana ta shida da takardar bayanin sallama zuwa ga likitan unguwa da likitan jijiyoyi, da takardar doxycycline, wani maganin kashe bakteriya na haɗiya, wanda zan ƙarasa kwana 14 da shi. Likitar ta ce a wannan matakin na cutar ƙwayar da ake haɗiya tana aiki daidai da ta ƙarin ruwa. Sharuɗɗanta ne suka ɗan wahalar da ni: ba a shanta da madara ko yogot domin suna hana ta shiga jiki, ana shanta da ruwa mai yawa a zaune kada a kwanta nan take, kuma a guji rana. Na koma shan shayi baƙi. Bayan mako uku takardar kuɗi ta zo ta gidan waya, Yuro 60, wato Yuro 10 kowace rana har da ranar shiga da ranar fita, ƙa'idar da ke tsayawa a kwana 28 a shekara. Kuɗin motar asibiti ma Yuro 10 ne nawa kason. Ruwan ido na farko da kuɗina na saya, sai mai kantin maganin ta gaya mini cewa ga mai shanyewar jijiyar fuska likita zai iya rubuta shi inshora ta biya, abin da ba wanda ya ambata mini a asibiti. Ta kuma ce in adana kowane rasit, don idan abin da mutum ya biya daga aljihunsa a shekara ya kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, yana iya neman inshora ta yafe masa sauran, kuma ga ɗalibi wannan iyakar ba ta da nisa.

Ofishin jarrabawa na jami'a shi ne inda na kusa yin asara. Ina da jarrabawa biyu a makon da nake kwance, kuma dokarsu ita ce a kai shaidar likita cikin kwana uku, a kan fom nasu na musamman, takardar hutun rashin lafiya ta ma'aikata ba ta wadatar ba. Ban san da haka ba sai da maƙwabcina ya je ya tambaya, ya ɗauko fom ɗin ya kawo mini asibiti aka cike. Neman gurbin gashi da motsa fuska shi ma ya ci mini lokaci, domin takardar da likita ya rubuta tana lalacewa idan ba a fara amfani da ita cikin kwana 28 ba, na buga waya wurare bakwai kafin na samu. A can ana biyan Yuro 10 na takardar da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin. Matar da ke koya mini ta hana ni matsa fuskar da ƙarfi, ta ce a hankali a gaban madubi, sau da yawa a rana, ɗaga gira, rufe ido, tsuke baki, kumbura kumatu. A mako na uku na ga gefen bakina ya ɗan yi rawa, a na shida idon ya rufu, kafin wata uku wanda bai san ni ba ba zai gane komai ba. Gajiya ce ta fi daɗewa, ga kuma wani wuri a haƙarƙarina mai faɗin tafin hannu da ya yi kusan wata biyar yana dundurus kamar an yi masa allurar kashe zafi.

Wannan gajiyar ce ta kusa jefa ni wani ramin. Na shiga karance-karance a intanet, na ci karo da wuraren jinya masu zaman kansu da ke cewa ƙwayar ba ta mutuwa sai an sha magani wata da watanni, suna tallar gwaje-gwajen da inshora ba ta biya, na ɗaruruwan Yuro. Da na je ganin likitan jijiyoyi a wata na uku, alƙawarin da na yi mako bakwai ina jira, na roƙe shi ya sake gwada jinina ya ga ko na warke. Ya ce ba zai yi ba, domin sinadaran garkuwar suna iya zama a jini shekaru bayan ƙwayar ta mutu, sakamakon zai fito da alamar cuta ya tayar mini da hankali a banza. Ya ce jijiyar da ta kumbura tana warkewa a hankali ne ko bayan an kawar da abin da ya kumbura ta, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan marasa lafiya ba su nuna cewa tsawaita maganin yana ƙara amfani ba, illa dai ya jawo nasa lahanin. Ban ji daɗin amsar a ranar ba, na fito ina ganin ya sallame ni ne kawai, amma yadda jikina ya ci gaba da dawowa ba tare da ƙarin ƙwaya ko ɗaya ba ya nuna gaskiyarsa.

Da na san abin da na sani yanzu, da tun a tabon bayan gwiwa zancen ya ƙare. Alamar takan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizo, tana faɗaɗa ta wuce santimita 5, kuma idan likita ya gan ta ya ji labarin kaska, magani yake bayarwa ba tare da jiran gwajin jini ba, don a makonnin farko jinin kan iya fitowa babu komai alhali cutar tana nan. Mai baƙar fata kada ya nemi ja, ya nemi wurin da ya yi duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi yana girma, ya ɗauki hotonsa da rana kowane kwana biyu da tsabar kuɗi a gefe don a ga bambancin faɗi, sannan ya furta kalmar Zecke, wato kaska da Jamusanci, da bakinsa a gaban likita ko ba a tambaye shi ba, ko da ciwon da ya kawo shi yana can wani sashen jiki daban. Dabarunmu na gida na ɗiga wa kaska kananzir ko mai ko kusanta mata wuta ba su dace a jikin mutum ba, ana kama ta ne da matsefata dab da fata a ja a hankali a miƙe, a goge wurin, a rubuta ranar. Bayan kowace shiga ciyawa a duba bayan gwiwa da matsematsi da hammata da bayan kunne da cikin gashi.

Akwai wata cutar daban da kaskar nan ke yaɗawa, ta ƙwayar bairos mai kumbura ƙwaƙwalwa, wadda Jamusawa ke taƙaita sunanta da FSME, kuma cibiyar Robert Koch, hukumar da ke sa ido kan cututtuka a Jamus, tana fitar da taswirar yankunan da take kowace shekara, mafi yawansu a Bavariya da Baden-Württemberg. Ita tana da allurar rigakafi sau uku, inshora kuma tana biya wa mazauna yankin, amma allurar ba ta kare mutum daga cutar Laim, kuma wanda ya yi Laim sau ɗaya yana iya sake kamuwa. Likitan unguwar nan da ya ce mini tsoka ce, shi ya yi mini allurar farko a watan Nuwamba. Ya karanta takardar sallamata a gabana har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce in naɗe ƙafar wandona ya ga wurin, duk da cewa babu sauran abin gani.